Rigar Pank ta Dokta Bilkisu

A gidan nan akwai labarin da kuke bayarwa duk ranar sallah, in an kwashe kwanuka an kawo shayi: labarin yadda na ɗinke rigar Dokta Bilkisu. Yusufu ya fi kowa iya bayar da shi, har da kwaikwayon muryata da yadda nake ɗaga tabarau. Jikoki su yi ta birgima a kan kafet, ni ma in taya ku dariya. Na daɗe ina wannan dariyar, ta ishe ni. Yadda kuke faɗin labarin ba haka ya faru ba, kuma ba na son in bar duniya ku gaji wata tsohuwa marar wayo wadda ba ni ba ce. Gara a san ni da muguntar da na yi da gaske, da a tausaya mini a kan wautar da ban yi ba.

Shekarar da abin ya faru muna unguwar Ƙurban a Madina, hawa na biyu, gidan nan da tagar kicin ɗinsa ke kallon hanyar masallacin Kuba. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana aikin lodin kayan alhazai a filin jirgi. Yusufu ya riga ya tafi Yanbu aikin matatar mai. Da rana daga ni sai Amal a gida, sai keken ɗinkina a falo. Ɗinki nake yi tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya a Injamena, kuma babu wanda ya koya mini. Tsofaffin riguna na riƙa farkewa ina duba yadda aka haɗa su, in mayar. A Madina matan Sudan da na Cadi da na Najeriya duk sun san ƙofata, kuma abin da na fi suna a kai shi ne gyaran yagewa. Ki kawo mini rigar da ƙusa ta kama, in zaro zare daga cikin kalmasarta, in saƙa wurin da allura layi bisa layi, ki dawo ki nemi inda ta yage ki rasa. Karatu kuwa sai da na haura arba'in da biyar na shiga makarantar manya ta bayan la'asar, na zauna benci ɗaya da tsofaffin matan ƙauye muna bin baƙaƙen Larabci da yatsa. A wannan shekarar ina iya karanta takardar asibiti da sunan unguwa a jikin bas, a hankali, leɓena na motsi. Wannan bokon da nake rubuta muku da shi daga baya na koye shi, kuma haushi ne malamina.

Amal ita ce autata, a nan aka haife ta. Kun san halin 'ya'yan ƙasar nan: ka yi musu Hausa su ji tsaf, su amsa maka da Larabci. Tun tana firamare ta daina mayar mini da Hausa. In ce mata ko ta ci abinci, ta ce "Aiwa, Ummi," ta wuce. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haƙura. Na ce wa raina harshen ne ya yi mata nauyi a baki, ba laifinta ba ne.

Sai Dokta Bilkisu ta tare a hawan da ke samanmu. Bakanuwa ce, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti, mijinta malamin jami'a, 'ya'yansu duk sun girma sun watse. Za ta girme ni da shekara biyar ko shida. Ba zan yi mata ƙarya ba: mace ce mai ibada, mai kyauta, ba ta shiga maganar kowa. Amma Larabcinta abin tausayi ne, ko tumatir za ta saya sai da nuni. Ni da kaina na ce wa Amal ta riƙa raka ta kasuwa tana yi mata tafinta. Ku lura, ni na tura ta.

Wata rana na yi kisra, wainar dawa mai falle-falle irin ta wajenmu, da miyar busasshiyar kuɓewa, na ce bari in kai wa baƙuwa. Na hau bene da kwano a hannu, na tarar ƙofa a buɗe kaɗan, na ji dariyar Amal. Sai na ji muryarta, da Hausa, Hausa cikakkiya, ba ko tuntuɓe:

"Don Allah Anti, ke? Da askakken kai?"

"Rabi kawai, 'yar nan," in ji Dokta. "Ɗaya rabin na bar shi saboda tsoron babana, ko da zai aiko a ɗauko masa hotona."

"To in an zo ɗaukar hoton fa?"

"Sai in juya wa mai hoto gefen kirki."

Na tsaya a bakin ƙofa har miya ta fara ƙona mini yatsa ta jikin kwano. Shekara goma sha biyar ina roƙon yarinyar nan jimla ɗaya da harshen uwarta. Ashe harshen yana nan, ajiye shi ta yi. Ni ce dai ban kai a ciro mini shi ba.

Dokta ta hango ni ta ce, "Maman Amal, shigo mana, 'yarki ta tono asirina."

Asirin shi ne, tana budurwa gwamnati ta tura ta karatu Ingila, kuma kafin ta dawo ta yi aure ta shiryu, ta yi shekara biyu tana bin wani kiɗa da ake kira pank. Amal a lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, sashen Turanci, an ce kowace ɗaliba ta zaɓi abin da za ta yi bahasin gama karatu a kai, ita kuma ta rasa. Ranar ta samu. A kan kujera tsakaninsu akwai wata riga mai dogon hannu, irin ta sanyi, baƙin yadi mai kauri kamar kakin ma'aikata, ta koɗe. Idon tela ba ya ƙarya: na ƙirga manyan yagewa uku kafin in ajiye kwano, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a gwiwar hannu, ɗaya a ƙasan baya, an maƙale su da fil mai makulli, irin wanda muke ce wa dabbus a nan, sun fi ashirin, duk sun yi tsatsa. A baya an yi wani rubutu da farin fenti.

Na ce, "Mene ne shi pank ɗin?"

Dokta ta ce, "Kiɗan yaran da aka ce ba su iya komai ba ne. Ba su iya kiɗan ba, ba su iya waƙar ba, ba aikin yi, suka ce to a hakan za mu hau dandali."

Na ce, "A garinmu wannan sunansa rashin kunya."

Ta yi dariya ta ce, "A garinsu ma haka aka kira shi."

Sannan ta ɗauki rigar ta ɗora a cinya ta ba Amal labarinta, ina zaune ina ji. Wata yarinya ce da suka zauna ɗaki ɗaya, baƙa, haifaffiyar can. Ranar da Bilkisu ta faɗi wata jarrabawa ta zauna tana kuka tana cewa za ta koma gida, yarinyar ta fizge rigar daga jikinta ta yaga kafaɗar da hannu biyu, ta maƙale da dabbus, ta mayar mata, ta ce ta saka ta su fita, abin da ya yage ma ana sa shi a yi yawo. Rubutun bayan ma ita ta yi. Yarinyar ta rasu ba su sake haɗuwa ba. Dokta ta faɗi wannan tana shafa kafaɗar rigar, Amal kuma ta dafa hannunta. Ni na ba yarinyar nan labarin yadda na tsallako daga Cadi da ciki wata bakwai, ba ta taɓa dafa hannuna ba.

Kafin mu sauko Dokta ta yago takardar rubuta magani ta rubuta wa Amal sunayen littattafai huɗu da fina-finai uku, ta sa musu lamba. Ta ce a bi su a jere kamar magani, kada a sha na biyar kafin na ɗaya. Amal ta manna takardar a bango saman teburinta. Da babanku ya ji, ya ɗan ɓata fuska.

"Kiɗa, a Madina?"

Amal ta ce masa da Larabci tarihi ne, karatu ne, ba rawa za ta yi ba.

"In karatu ne, to." Da ta fita ya dube ni ya ce, "Ke kuma me ya kumbura miki fuska? Ki bar yarinya, ta samu mai jan ta."

Na ce, "Ni da nake nan ban ja ta ba?"

Ya ce, "Ke kin haife ta, ai ya isa."

Bai faɗa da mugunta ba, Allah ya gafarta masa. Ya sa takalmi ya tafi aiki. Ni kuwa na taka keke ranar har allura biyu suka karye.

Daga nan duk bayan la'asar Amal tana sama. Ina jin takunsu ta rufin falona, ina jin kiɗan a ƙasa-ƙasa, wani abu kamar an zuba cokula a injin wanki. In ta sauko, idonta na ƙyalli, littafi a ƙirji, har wasu maganganun Kanawa na ji tana yi a waya. Ta fara ce wa Dokta "Antina". Wata rana na daure na tambaye ta abin da littafin da ke hannunta yake cewa. Ta dube ni, ba da raini ba, da irin tausayin nan da ya fi raini ciwo, ta ce da Larabci, "Doguwar magana ce, Ummi, ba za ki gane ba."

A nan ne labarinku da nawa suka rabu. Ku kun ɗauka na koma kan kekena. Ni kuwa washegari, da ta tafi jami'a, na shiga ɗakinta na ciro takardar daga bango, na buɗe tsohuwar kwamfutarta da ta bari a gida. Ban san baƙin Turanci ba sai irin wanda ke jikin wuyan riga. Amma tela ta iya kwafar fasali. Na riƙa duban baƙi a takarda, in nemo mai kama da shi a kan maɓallan, in danna, ɗaya bayan ɗaya. Sunan fim ɗaya ya ci mini kusan awa. Da ya buɗe na ga akwai fassarar Larabci a rubuce a ƙasan hoton, sai dai gudu take yi, kafin in haɗa kalma biyu ta wuce. Sai na koyi tsayar da shi. Kowane layi in tsayar, in karanta da yatsa a kan gilashin, in sake. Fim ɗin da bai kai awa biyu ba, safiya huɗu na yi a kansa. Haka na bi duk ukun, cikin sati uku, kayan mutane na jira a kan keke, ina cewa ciwon ido nake.

Tunda na sha wahalarsu, bari in faɗa muku ra'ayina a kansu, ko wani cikin jikokina zai nema. Na farko maza ne tsofaffi zaune a kujera kowa yana cewa shi ya fara. Wannan na san shi, ko a majalisar babanku akwai irinsu. Na biyu hayaniya ce da tofe-tofen yawu, kuma rabin yaran da ke ciki ƙwaya ta kashe su. Wanda zai kalla ya kalla don ya ji tsoro. Na uku shi ne fim. Mata ne, sun manyanta, suna ba da labarin yadda suna 'yan mata suka ɗauki kayan kiɗa ba wanda ya koya musu, maza na dariya, suka koya a gaban mutane suna kuskure. Suka yanka takardu da almakashi suka manna suka yi jaridarsu. Suka ɗinka kayansu da kansu, suka yaga inda suke so ya yage. Littattafan kuwa ɗaya kawai na samu da Larabci, shekaru bayan haka, mai hotuna da yawa a kan tufafinsu, kuma marubucin bai san ɗinki ba. Yana ta yabon abin da ko 'yar koyo ba za ta yi ba. Sauran ukun ban karanta ba, ba zan ce komai a kansu ba.

Fim na ukun nan shi ya ƙarasa ni. Ina zaune gaban kwamfuta, yatsa a kan gilashi, wata Baturiya mai furfura tana bayanin yadda ta farke tsohuwar riga don ta ga yadda aka haɗa ta, saboda ba mai koya mata. Na tsayar da hoton na daɗe ina kallonta. To ni me na yi? Wa ya koya mini? Wa ya ba ni izini? Na shiga aji da furfura yara na leƙe ta taga suna dariya, na karanta da kuskure a gaban mutane har na iya. Abin da 'yata take hawa bene kullum ta ji, take rubuta shafi sittin a kai, yana zaune a falonsu yana taka keke. Amma da yake ni na yi shi, sunansa talauci. Da Turawa suka yi, kuma Dokta ta tsaya a gefe ta kalla shekara biyu da kuɗin gwamnati a aljihu, ya zama tarihi. Kada wanda ya ce mini ban gane pank ba. Na gane shi fiye da matar da ta rubuta takardar.

Da na iya magana mai laushi, da na jira Amal ta dawo na ce mata, na kalli fim ɗinki, zo mu yi hira. Na shirya faɗin haka sau uku. Duk ranar da na shirya, sai ta shigo ta ajiye jaka ta ce tana zuwa, ta haye sama.

Saura kwana biyu ta gabatar da bahasinta gaban malamai, sai ta sauko da rigar a rungume cikin farin mayafi kamar jariri. Dokta ta ba ta aro ta nuna a wurin. Ta rataye ta a ƙofar kabad, ta ce mini, da Larabci, kada a taɓa. Ba ta ce don me ba. A ganinta bayanin ya fi ƙarfina. Washegari ta fita tun da hantsi, ta ce sai magariba, za su yi gwaji da ƙawayenta.

Na gama wanke-wanke. Na shiga ɗakin na tsaya gaban rigar. Ina so ku ji wannan da kyau: na tuna labarin yarinyar da ta rasu, kalma bisa kalma. Na tuna da shi, sannan na sauko da rigar.

Na cire dabbus ɗaya bayan ɗaya na zuba a kofi, ashirin da shida ne. Na farke kalmasar ƙasa na zaro zaren yadin kansa, don kada launi ya bambanta. Na fara da kafaɗa. Yagewar hannu ta fi ta ƙusa wuya, saboda zaren ya miƙe ya tsefe, kuma shekaru sun cinye bakinsa. Sai da na kwantar da kowane zare a mazauninsa kafin in saƙa a kai. Na yi gwiwar hannu. Na yi ƙasan baya. Hudojin dabbus na jiƙa su na bi da dutsen guga har suka rufe, tsatsar na cire da lemon tsami da gishiri. Rubutun fenti ba ya fita, na sani, don haka na farke bayan rigar gaba ɗaya, na juya yadin cikinsa ya koma waje, na mayar, na sa shafi baƙi ya rufe rubutun daga ciki. Ban ci abinci ba. Sallar azahar a makare na yi ta. Ana kiran la'asar na yi guga ta ƙarshe na ɗaga ta a hasken taga. A shekara arba'in da na yi ina ɗinki ban taɓa aiki mai kyau kamarsa ba. Riga ce lafiyayya, wadda ba wanda zai waiga ya kalla.

Amal ta dawo ta shiga ɗaki. Sai ta fito da rigar a hannu. Babanku yana nan, ya dawo daga aiki. Na ɗaga tabarau, na yi muryar nan da Yusufu yake kwaikwaya, na ce:

"Na ga ta yage ne, 'yar nan. Kya shiga gaban malamai da tsumma, a ce uwarki tela ce?"

Babanku ya kwashe da dariya har da tari. Amal ta juya. Ta haye sama, can sai ga su sun sauko tare. Dokta ta karɓi rigar, ta juya ta, ta nemi kafaɗar da yatsa, ta rasa wurin. Na jira ta zage ni. Na shirya mata amsa tun rana. Sai ta haɗiye, ta yi murmushi, ta ce:

"Amal, kada ki yi fushi da mamanki. Ba ta sani ba. Ina za ta sani? Alheri ta yi niyya." Ta juyo gare ni. "Maman Amal, hannunki akwai albarka. Ko a Ingila ban ga irin wannan aikin ba."

Ina za ta sani. Ni na yi mata ɓarna, amma ita ta mare ni, kuma har yau ba ta san ta yi ba. Ta tambaya ko dabbus ɗin suna nan. Na miƙa mata kofin. Ta juye su a tafin hannu, ta hau sama da su da rigar.

Bayan sallar magariba ina kicin ina yanka albasa, Amal ta shigo ta rufe ƙofa. Ta tsaya bayana. Sai ta yi magana, da Hausa, a hankali, kamar wadda ta jera kalmomin tun a ɗaki:

"Ummi, kwamfutar tana nuna abin da aka kalla. Na gani tun sati biyu. Duk ukun kin kalla, har ƙarshe. Na ji daɗi. Ina jira in gama in ce ki zo ki zauna a gaba ranar."

Ban juyo ba.

Ta ce, "Ba zan gaya wa kowa ba. Gara su ɗauka ba ki sani ba."

Wannan ita ce Hausar da na yi shekara goma sha biyar ina roƙo. Na samu jimla bakwai ko takwas, a kicin, ina riƙe da wuƙa da albasa. Daga nan ta koma Larabci, kuma a kansa take da ni har yau.

Ta gabatar da bahasinta da hotuna, ta ci da kyau. Dokta ce ta zauna a gaba. Amal ta cika alkawarinta, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ku tuna, duk sallar da Yusufu ya fara labarin, ita ke tashi ta kwashe kofuna. Ba ta yi mini rashin ladabi ba ko sau ɗaya. Tana gaishe ni, tana kai ni asibiti, da babanku ya rasu ita ta zauna da ni har na fita takaba. Abu ɗaya kawai ta janye: ba ta sake ba ni ko ƙyalle nata ba. Maɓalli in ya cire, sai ta sa rigar a leda ta kai shagon ɗinki na bakin titi, ta wuce kekena a falo. Ni da na ɗinka mata komai tun daga rigar suna. Ban ba ta haƙuri ba. Na yi ta cewa sai ta fara kawo mini ɗinki, ita kuma ban san me take jira ba. Da ta samu aikin koyarwa a Yanbu ta tafi wajen yayanta.

Za ku so in ce na daina jin haushin Dokta Bilkisu. Ban daina ba. Na roƙi Allah gafara a kan rigar, a Rauda ma na roƙa, kuma da wannan takardar ta fita zan je in gaya mata da bakina, ta san cewa na sani. Amma son ta, wannan ban iya ba, kuma na tsufa da yin ƙarya a kai.

A Yanbu aka yi bikin Amal. Na aurar da 'ya'yan mutane fiye da yadda zan iya tunawa a cikin ɗinkina, amma kayan 'yata wani shago aka kai. Ranar walima aka shigar da mu ɗakin da ake shirya ta, ni da Dokta da ƙawayenta. Ta yi kyau. Rigar kuwa hannun hagu ya fi na dama tsawo da kusan yatsa ɗaya, kuma a bakin hannun wani farin zare yana lilo. Tun daga ƙofa na gan shi. Amal ta ga na gani. Ta dubi zaren, ta dube ni, ta ɗan ɗaga hannun, ban sani ba ko miƙo mini za ta yi ko gyara mayafi. Na sa hannu a jaka, ina laluben ɗan almakashina. Na yi jinkiri. Dokta Bilkisu ta ce, "Af, tsaya 'yar nan," ta sunkuya ta kama hannun 'yata, ta gatse zaren da haƙori.

Aka buɗe ƙofa, masu guɗa suka shigo suka tafi da amarya. Ni ina tsaye, hannuna a cikin jaka, yatsuna biyu a cikin kunnen almakashi.